Tayoyin Da Ke Ƙarƙashin Gadona

Assalamu alaikum Anti, da ke da masu bibiyar shafin nan, ina yi muku fatan alheri. A ɓoye sunana. Masu zagi kuma ku ɗan jira ku karanta har ƙarshe, don duk abin da za ku faɗa na riga na faɗa wa kaina.

Ni 'yar Gwarzo ce, shekarata ashirin da uku. Babanmu yana da wani tsohon babur irin na da, siriri, mai jan tanki, wanda ya yi aikin duba-gari da shi yana zaga ƙauyuka tun ba a haife ni ba. Da idonsa ya yi yana sai aka jingine shi a zaure, ya yi shekara da shekaru kaji na kwana a kai. Bana aka yi wa Baba aikin ido, ya dawo yana gani, abin da ya fara yi shi ne ya tsaya kan babur ɗin yana share ƙurar madubi da hannun riga. Sai na ce a gaban kowa ni zan sa a tayar da shi, kuma a kansa Baba zai je sunan jikansa a Kutama. Yayyena suka yi ta dariya, wai mace da gyaran mashin. Wannan dariyar ce ta hau mini kai.

Na sa aka tura shi garejin Baffa Idi. Ba ƙanin Baba ba ne, amininsa ne tun suna yara, kuma duk garin nan shi kaɗai ya san kan irin waɗannan baburan. Wata biyu yana kai. Ya wanke kabireto, ya ɗaure wayoyin sifok na wili ɗaya bayan ɗaya, injin ya tashi da wata ƙara mai sanyi kamar keken ɗinki. Saura taya. Ya yagi kwali ya rubuta mini lamba biyu, ya ce ta gaba siririya ce mai zane a miƙe, ta baya mai gida-gida, in aika Kano a nemo.

Na ce, "Baffa, taya ai taya ce. Ga su nan rataye a bakin tasha."

Ya ce, "Hajiya Gaggawa, ke in aka ba ki takalmin yayanki za ki iya gudu da shi?"

Na aika. Sati ɗaya, sati biyu, mai shagon kullum sai gobe, sai jibi. Suna ya rage kwana uku, Baffa kuma ya tafi Kabo ta'aziyya, ya bar babur ɗin a zaurenmu, wili biyun a kwance a gefe. Anti, me zai hana in jira? Me za a yi mini in Baba ya hau mota kamar kowa? Amma da na tuna dariyar nan sai na ɗauki wilin na kai wa wani mai faci, na ce ya sa mini irin ta 'yan acaɓa. Shi kansa ya ce ta yi faɗi. Na ce ba shawara na zo nema ba. Ya danna ta da ƙarfe da ruwan sabulu, ya biyo ni gida ya ɗaura, da ta gaban ta riƙa gogar madigadi, murfin ƙarfen nan na saman taya, ya sa guduma ya ɗan buɗa shi. Lokacin Baba yana gona.

Ranar suna ya fito da farar riga, ya zaga babur ɗin, ya ce, "Uwata, tayar nan kamar ta yi ƙiba." Haka yake kirana, sunan mahaifiyarsa gare ni. Ko ido ban ƙifta ba na ce, "Baffa ne ya sa aka ɗaura, ya ce yanzu haka ake yin su." Ya ce, "To in Idi ne ya faɗa, shi ke nan."

Bai kai Kutama ba. Ya faɗa wani ɗan rami, tayar gaba ta cije da madigadi, ya wuntsila. Wuyan hannunsa na dama ya karye, fuskarsa ta kuje. A a-kori-kura aka dawo da shi, farar rigar nan duk jini da ƙasa.

Washegari Baffa ya dawo daga Kabo, ko gida bai shiga ba ya zo dubiya. Zaure cike da mutane, ni na kawo ruwa. Baba ya ce, "Idi, da ka ce mini idonka ya mutu ai da na kai ka inda aka yi mini nawa. Ba sai ka gwada a kaina ba." Baffa ya tashi ya je wajen babur ɗin, ya shafa tayar, ya shafa inda guduma ta daki madigadi. Sai ya ɗago ya dube ni. Ina tsaye riƙe da kwanon sha. Na jira ya faɗa. Wallahi da ya faɗa da na huta. Sai kawai ya ce, "Allah ya ba ka lafiya, Malam," ya sa takalminsa.

Yau wata ɗaya da kwana tara. Ba sa zama tare bayan la'asar, a masallaci ma kowa da gefensa. Magana ta zaga gari cewa Baffa ya tsufa, ba ya gani. Shekaranjiya na wuce ta garejinsa, babu mashin ko ɗaya, yana zaune yana wanke sifana da kananzir. Na durƙusa na gaishe shi. Na ce, "Baffa, me ya sa ba ka faɗa ba?"

Ya ce, "A gaban mutane? Ke fa ba ki yi aure ba, kuma da bakinsa yake kiranki uwarsa. Ni nawa ya rage mini a duniya?" Ya ci gaba da wanke sifanarsa. Har na juya ya ce, "Amma kada ki bari ya sake hawa. Tayar bayan ma ba ta babur ɗin ba ce."

To ga inda nake. An kwance wa Baba ɗori, ya ce ran Juma'a zai sa a miƙe madigadi ya hau abinsa, don a ganinsa ɗaurin tayar ne bai yi kyau ba, ba ita tayar ba. Ya kuma rantse Idi ba zai ƙara taɓa masa ko noti ba. Su kuwa tayoyin gaskiya sun iso kwana biyu bayan faɗuwar, suna ƙarƙashin gadona cikin buhu, ina jin warin robarsu duk sanda na shiga ɗaki. In na fito da su, tambayar farko ita ce, to na kan babur ɗin wa ya sa? In na bar su, ran Juma'a zai hau. Baba mutum ne da bai taɓa dukana ba, amma in ya cire mutum daga ransa ya cire ke nan, na gani a kan amininsa na shekara hamsin. Ni da na yi masa ƙarya ido cikin ido fa?

Kada wanda ya ce mini in yi istigfari kawai, ina yi, bai mayar wa Baffa da mashin ko ɗaya gareji ba. In sami Baba shi kaɗai, ko in faɗa a zauren da aka ci mutuncin Baffa, a gaban mutanen da suka ji? Yau Talata. Me zan yi?