Abin da Na Rubuta a Littafin Alhamis

Zuwa ga Malama,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da iyali. Ya hutu? Na san ba a damun malami a lokacin hutu, amma ba zan iya jira sai an koma ba. Malamin Lissafi da ke layinmu ya ce zai bi ta unguwarku, shi ne na ba shi wannan takarda.

Malama, an gano Baba.

Shekaranjiya Shugaban makaranta ya aiko a kira shi ofis. Baba har da sa rigarsa mai kyau, a zatonsa maganar sababbin littattafan da ya daɗe yana roƙon a saya wa laburare ce. Yana zama Shugaba ya miƙo masa takarda, ya ce ya karanta layi uku. Baba ya ce ya manta tabarau a gida. Shugaba ya ce, "Ai ga shi a fuskarka, Malam." An ce ya kawo takardar likita kafin a koma, a san abin da za a yi da shi.

Kin san komai, tunda na rubuta miki. Ranar da kika raba mana littattafan nan a aji, kika ce duk Alhamis kowa ya rubuta abin da ke damunsa, babu maki, babu jan biro, kuma ba mai gani sai ke, ni dariya na yi. Wata biyar ina cika miki shafi da shirme, yau fanka ta lalace, gobe an sace mini rula. Sai ranar da kika tambaye ni da koren bironki me ya sa nake gyangyaɗi a darasin farko. A nan na gaya miki shekara biyu ke nan idon Baba yana tafiya, kuma likita ya ce jijiya ce, tabarau ba zai yi magani ba. Na gaya miki yana gane kowane littafi da wurin zamansa da kaurinsa, ni kuma ina riga kowa zuwa in mayar da waɗanda aka dawo da su kan kantocinsu, in cika rajista da irin rubutunsa. Saura masa shekara ɗaya da rabi ya cika shekarun aiki ya sauka da mutuncinsa.

Na san wadda ta kai shi. Mai Shara ce, matar da ke share laburare, don sau biyu tana tarar da ni da rajista a hannu. Jiya na same ta a bakin famfo na wanke ta tas a gaban mutane. Ta yi ta kuka tana rantsuwa, ni ko kallon hawayen ban yi ba.

Don Allah ki yi wa Shugaba magana, yana jin maganarki. Shekara ɗaya da rabi kawai muke roƙo. Ba a taɓa ɓatar da littafi ko ɗaya a hannun Baba ba.

Ki gaida yara. Na gode.

Ɗalibarki,
'Yar Laburare

*

Zuwa ga 'yata,

Wa alaikumus salam. Na samu takardarki, kuma na karanta ta da matuƙar damuwa. Ina fatan kuna lafiya, kuma ina yi wa mahaifinki fatan samun sauƙi.

Da farko ina so ki san cewa damuwarki tana kan hanya, kuma duk wanda ke matsayinki haka zai ji. Ki samu wuri ki zauna, ki ja numfashi, ki ba zuciyarki lokaci. Na biyu, ban ji daɗin abin da ya faru tsakaninki da Mai Shara ba. Zargi ba tare da hujja ba yana cutar da mai yinsa da wanda aka yi wa. Larurar ido kuwa ba ta ɓoyuwa har abada, wataƙila Shugaba da kansa ya lura. A ganina neman wanda ya faɗa ba zai amfane ku da komai ba a yanzu.

Zan ga Shugaba cikin makon nan in Allah ya yarda, kuma zan yi iya ƙoƙarina. Ke dai ki mai da hankali ga karatunki, jarrabawa tana ƙaratowa.

Ki miƙa gaisuwata ga mahaifinki. Allah ya yi miki albarka.

Malamarki

*

Malama,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, don haka aka tarbiyyantar da ni.

Jiya da la'asar Malamin Lissafi ya shigo duba Baba. Da zai tafi na raka shi ƙofa, sai ya juyo yana murmushi ya ce, "Ashe ke marubuciya ce muna zaune da ke? Kin sa gemu-gemu da mu muna share hawaye a ɗakin taro." Na ce wane ɗakin taro? Ya ce taron bitar da aka yi wa malamai a farkon hutu, kan yadda malami zai ja ɗalibi a jiki. Ya ce ke kika fi kowa yin ƙoƙari, sau biyu ana tafa miki. Bawan Allah, shi a zatonsa da izinina kika yi. Ya buɗe jakarsa ya ciro takarda ya ba ni, wai in ajiye don tarihi.

Ga ta nan a gabana. An buga ta da na'ura, an gyara mini waƙafi da aya, na gode. A sama an rubuta "Daga wani ɗalibi". Ƙasa da shi kuwa maganata ce, kalma bayan kalma: "Babana yana karanta laburare da tafin hannunsa." Malama, laburare nawa ne a makarantarmu? Mutum nawa ne ke kula da shi? 'Ya'yansa nawa ne a aji biyar? Shugaba yana zaune a kujerar gaba, in ji Malamin Lissafi, har yana gyaɗa kai.

Duk wannan bai ƙona mini rai kamar takardar da kika aiko mini ba. Kin san ke ce. Kika zauna, kika ɗauki biro, kika ce in ja numfashi. Kika yi mini wa'azi a kan zargi. Wai wataƙila Shugaba da kansa ya lura! Shekara biyu bai lura ba, mutumin da ko hanyar laburare bai sani ba sai in an yi baƙi.

Yau da safe na je gidan Mai Shara na durƙusa. Ta ce ta yafe, amma ba ta ce in tashi ba, kuma ba ta kalle ni ba. Ashe ta fi shekara da sani. Ita ce ke kawar da kujeru daga hanyar Baba kullum kafin ya shigo, ba ta taɓa gaya wa kowa ba, har ni. Matar da ba ta taɓa zuwa taron bita ba ke nan.

Daga can na dawo gida na gaya wa Baba ni ce na rubuta. Ban iya bari ya ci gaba da lissafa abokan aikinsa ɗaya bayan ɗaya yana neman wanda ya tsane shi ba. Sai ya ce, "Ai na ce miki ko ƙanwata kar ta ji." Shi ke nan abin da ya faɗa, ya juya ya kunna rediyo.

Na yarda da ke fiye da yadda na yarda da kowa tun rasuwar mahaifiyata. Na tsani ranar da na yarda ɗin. Abu ɗaya nake so ki gaya mini, ba da yaren taro ba: me ya sa?

Ki huta lafiya.

'Yar Laburare

*

'Yata,

Wa alaikumus salam. Ban san da wane baki zan gaishe ki ba, amma ina gaishe ki, ina gaida mahaifinki.

Ni ce. Kuma takardar da na aiko miki ta rashin gaskiya ce, na rubuta ta ne ina fatan abin zai wuce ba tare da kin sani ba.

Kin tambaye ni me ya sa. Shekara goma sha ɗaya ina koyarwa, shekara huɗu ina yin littafin Alhamis, kuma a ofishin malamai dariya ake yi mini. Suna ce mini Uwar Marayu. Suna cewa ina ɓata lokacin darasi, yaro bulala yake ji. Da aka ba ni minti ashirin a taron nan, na so in nuna musu abin yana aiki. Na zauna na duba littattafai arba'in da biyu, naki ya fi kowanne. Na cire sunanki, na mayar da ke namiji, na ce a raina na rufa miki asiri. Na tsaya a kan kalmar laburare, har na soke ta na sa kanti, sai na ga jimlar ta mutu. Na mayar da ita. Don jimla ta yi daɗi na yi, ba wani dalili.

Ina cikin karantawa na ga Shugaba ya ciro biro ya rubuta wani abu a bayan takardarsa. Na gani, kuma na ci gaba, saboda ɗakin ya yi tsit kuma ban taɓa samun irin wannan sauraro ba. An raba kwafi sittin. Na bi na karɓo goma sha tara, sauran sun tafi wasu makarantu.

Sau uku ina zuwa wurin Shugaba. Na ce ni zan riƙa zama a laburare a lokutan da ba ni da darasi. Na ce ya bar shi ko zango biyu ne. Ya ce abin da bai sani ba daban, abin da aka karanta a gaban mutum sittin daban, ba zai iya rufe ido ba. Har ya yi mini godiya, wai na taimaki makaranta. Mahaifinki zai miƙa makullai ranar da aka koma. Abin da na iya samowa kawai shi ne ke za ki ci gaba da karatu a matsayin 'yar ma'aikaci har ki gama.

Ba na neman ki yafe mini yanzu. Ina roƙonki dai kar ki bar makaranta saboda ni. In ba kya son ganina, zan nemi a canza mini aji. In mahaifinki zai yarda, ina so in zo in durƙusa a gabansa.

Allah ya ba ku haƙurin abin da na jawo muku.

Malamarki, in har kin yarda in kira kaina haka

*

Zuwa ga Malama,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ranki ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri gare ki da maigidanki da yara. Ni ne tsohon mai kula da laburare. Ina faɗa ne yarinyar tana rubutawa, in kin ga kuskure nata ne, in kin ga daidai nawa ne.

An karanta mini takardarki. Ba sai kin zo ba, hanyar gidanmu duk ramuka ce, ni kaɗai na san su. Na yafe miki. Ido dai ba ke kika ɗauke shi ba, kuma ko ba a faɗa ba wata rana da kaina zan ba yaro littafin girki a madadin na kimiyya.

Jiya na miƙa makullai. Wanda aka kawo yaro ne mai ladabi, idonsa garau, sai dai bai san inda komai yake ba. Na zagaya da shi kanta-kanta na nuna masa. Ki gaya masa na manta abu ɗaya: tagar da ke bayan littattafan tarihi tana yoyo, in hadari ya taso ya janye na layin ƙasa.

Kar ki canza aji. Yarinyar za ta zo ranar Litinin, ta zauna inda ta saba, na riga na gaya mata. Ki riƙe ta da karatu, tana da kai, sai dai baki.

Allah ya ƙara ɗaukaka. Na gode da ɗawainiya.

Mahaifin ɗalibarki

*

Malama,

Sallama. Wannan tawa ce, bai san na sa ta a ambulan ba.

Na rubuta duk abin da ya faɗa, ban rage ba. Zan zo ranar Litinin tunda ya ce. Ke ya yafe miki, kuma da gaske yake, ke ba 'yarsa ba ce.

Da, in abu ya ɓace masa ni yake kira, mu nema tare muna dariya. Yanzu sai ya ji na fita sannan ya fara lalube. Yau da safe ya yi tuntuɓe a bakin ƙofa har ya fasa gwiwa. Na ruga na kama hannunsa, sai ya zare a hankali, ya ce, "Bari, ba komai. Kar ki je ki rubuta."

Ki huta lafiya.

'Yar Laburare