Baba Bitrus Yana Bencin Baya Saboda Laifina

Salama gare ku, mai kula da wannan shafi da dukan masu karatu. Don Allah a ɓoye sunana, kuma ku daure ku karanta har ƙarshe kafin ku yanke mini hukunci, ko da yake na san duk abin da kuka faɗa na cancanta. Wata goma sha ɗaya ke nan abin nan yana cina a rai, ko matata ba ta sani ba.

Ni Kirista ne, malamin makaranta, aiki ne ya kawo ni Gumel daga Filato. A 'yar ikilisiyarmu ni dattijo ne, ni ne kuma magatakarda, in fasto ya yi tafiya ni ke yin wa'azi. An san ni da tsanani a kan sahihiyar koyarwa, har matasa suna ce mini Ba Sassauci a bayan idona, ni kuwa daɗi sunan yake mini. Sau nawa na tsaya gaban jama'a ina cewa mai bin Almasihu ba ya raba dogararsa gida biyu?

To bara 'yata mai shekara tara ta fara faɗuwa tana sandarewa, kumfa na fita a bakinta. Mun je asibiti a nan, mun je Kano, mun yi azumi, zumuntar mata sun zo gida sun yi addu'a har muryoyinsu suka dushe, abin sai gaba yake yi. Wani abokin aikina Musulmi ya tausaya mini, ya ba ni labarin wani malami mai ba da rubutu a wani ƙauye bayan Sule Tankarkar. Ba na ganin laifinsa, ba na ganin na malamin, su bisa imaninsu suka yi mini alheri. Ni ne na san abin da nake koya wa mutane, kuma na yanke shawarar zuwa.

Ga inda mugun halina ya fito. Kowa ya san motata, sai na ƙi tafiya da ita. Na je wurin wani tsoho a ikilisiyarmu, bari in kira shi Baba Bitrus, tsohon malamin dabbobi ne da ya ƙare ƙarfinsa yana duba shanu a Maigatari. Shi ke buɗe majami'a kowace Lahadi, ya share, ya jera benci. Na ce ya kai ni a babur ɗinsa in gaida mara lafiya. Sai da muka yi nisa na gaya masa gaskiya. Ya tsaya a gindin wata darbejiya, ya kashe babur, ya ce, "Dattijo, kai ne fa ka koya mana. Mu koma gida mu durƙusa tare." Na ce, "Baba, ba 'yarka ce ke birgima a ƙasa ba." Sai daga baya na tuna 'ya'ya biyu ya binne a garin nan da hannunsa. Ya ce, "To ɗana, ba zan bar ka a daji ba. Zan kai ka, amma ba zan shiga ba."

Haka aka yi. Ya zauna a waje cikin rana, na shiga na karɓo rubutun a jarka, na miƙa masa ya ɗaure a babur, na koma yi wa malamin sallama. Ashe a daidai lokacin motar 'yan kasuwa ta wuce, a ciki akwai wata 'yar ikilisiyarmu. Ni ba ta gan ni ba. Shi ta gani, a ƙofar malamin, da jarka a hannu, ta kuwa kai wa fasto labari.

Da majalisar dattawa ta zauna, ina gefen fasto da biro ina rubuta abin da ake faɗa. Fasto ya ce, "Baba, ka je ko ba ka je ba?" Ya ce, "Na je, Baba Fasto, amma ban shiga ba, kuma rubutun ba nawa ba ne." Aka ce to na wa ne? Ya ce, "Mai shi yana da baki." Ko kallona bai yi ba. Jama'a, me ya hana ni buɗe baki a lokacin? Girman da ake ba ni, shi ke nan, ba wani abu ba. Aka ce masu goyon bayan a sa shi horo su ɗaga hannu. Nawa ne na ƙarshe, amma na ɗaga. Ranar Lahadi kuma ni na karanta sanarwar da bakina.

Ga wanda bai sani ba, horo a wurinmu shi ne mutum ya koma bencin baya, ba ya cin jibin Ubangiji, wato gurasa da ƙoƙon da muke rabawa don tunawa da Almasihu, ba ya taɓa aikin ikilisiya, sai ran da ya tsaya gaban jama'a ya furta laifinsa ya tuba. An karɓe makullin majami'a daga hannunsa. An yi ta lallashinsa ya fito ya tuba a wuce wurin, ya ce ba zai tsaya gaban Allah ya tuba da ƙarya ba. Sai aka ƙara masa da sunan mai taurin kai. Duk da haka bai taɓa fashin sujadar Lahadi ba. Ranar jibi ni ke zagayawa da faranti layi layi, in na kai benci na kusa da ƙarshe sai in juya. Ina jin idonsa a bayana.

Yarinyar ta samu sauƙi. A watan ne likitan Kano ya canza mata magani, don haka ba zan ce ga abin da ya yi aiki ba, amma na ba ta rubutun a ɓoye cikin kunu. Uwarta ta fito gaban ikilisiya ta ba da shaida cewa addu'ar mijinta ce Allah ya ji, mata suka ɗauki waƙa, na hango Baba daga baya yana tafi tare da su. Ranar na so ƙasa ta tsage in shige. Na kai masa buhun gero gida, ya ce, "Ɗana, ba yunwar tuwo nake ji ba, teburin Ubangiji nake marmari." Na ce me ya sa bai tona ni ba? Ya ce, "In ni na faɗa, kunya kawai za ka sha. So nake ka tuba, shi ya sa nake jiranka."

Yanzu ciwon suga ya ci ƙarfinsa, da sanda yake tafiya, 'ya'yansa za su zo ƙarshen watan nan su mai da shi gida. Fasto ya ce in rubuta takardar da Baba zai kai wa ikilisiyar garinsu, in sa a ciki cewa yana ƙarƙashin horo. A can kuwa wanda ya mutu cikin horo ba a shiga da gawarsa majami'a. Takardar tana jakata kwana tara, na kasa sa hannu.

Na san in na faɗa za a sauke ni, ni zan koma bencin nan. Ya matata za ta ji, ita da ta yi shaida da hawaye? Ya za a riƙa kallon 'yata? Matasan da na yi wa horo a kan abin da bai kai nawa ba fa, wa za su sake yarda da shi? Ko kuwa duk dalilai ne nake nema wa kaina?

Jiya Lahadi bayan sujada na same shi a bakin ƙofa yana jiran mai babur, don yanzu ba ya iya tuƙa nasa. Ya riƙe hannuna ya ce, "Dattijo, Lahadi ɗaya ta rage mini a Gumel, kuma ranar jibi ce."

Kwana shida suka rage, kuma ni zan ɗauki farantin. Don Allah 'yan'uwa, me zan yi?