Wa Zai Amsa Kiran Sunan Kafaran Labbo?

Zuwa ga Malam Barmo, mai filin shawarwari.

Bayan gaisuwa, ina neman taimako, amma sai na fara da gyara. A ta'aziyyar da jaridarku ta buga ta marigayi Labbo Maikano na Birnin Ƙonni, an ce ya yi yaƙin Bama, kuma an kira shi kofur. Duka biyu kuskure ne. Bama yaƙin sojan Ingilishi ne, na 'yan'uwanmu na ƙetaren iyaka. Labbo Faransa ta ɗauka, Indoshin aka kai shi, muƙaminsa kuwa kafaran, kamar yadda sojan Faransa ke kiransa. Mutumin da ya baro yatsu biyu a wata ƙasa ya cancanci a rubuta sunan ƙasar daidai.

Ni tsohon mushen lakwal ne, wato malamin makaranta, na daɗe da ajiye alli. Labbo maƙwabcina ne, kuma tun kafin furfura ta kama mu muke da wata al'ada. Kowace Juma'a bayan an sauko masallaci, sai mu tsaya gindin itacen bedin ƙofar gidansa, ya ƙame, ya yi lapel, wato kiran suna irin na bariki. Sunayen abokansa yake kira, waɗanda suka faɗi can ba wanka ba sallah: Baƙo na Bazaga, Ƙasimu na Illela, Chindo mai busa, har ya kai ƙarshe. Kowane ya kira, ni nake amsawa da "perezan", ma'ana yana nan, sannan mu shafa fatiha. Shi in zai faɗi kalmar, "farzan" yake cewa. Shekara da shekaru ina gyara masa, bai taɓa gyaruwa ba, yakan ce harsashi bai tambaye shi Faransanci ba.

Da ciwon ajali ya kwantar da shi, ya riƙe hannuna da yatsun nan uku, ya sa na yi alkawari ba zan bar lapel ya mutu ba. Na ɗauka, ban tsaya tunani ba, ni da na saba auna kowace kalma.

Yanzu ga inda na tsaya. Lapel aikin mutum biyu ne. Juma'ar farko na kira Baƙo, na saurara, ba kowa. Na amsa wa kaina, sai na ji kamar mai taɓin hankali, masu wucewa ma haka suka ɗauka. Limaminmu, mutumin kirki, ya same ni a keɓe ya ce amsa wa mamaci da yana nan ba koyarwar addini ba ce, ya yi shiru da ne don girman Labbo. Ban iya musa masa ba. Ga idanuna suna mutuwa. Ɗiyata Zalika da mijinta Saminu, wanda ke aiki a gidan siminti na Malbaza, sun ce da an yi sadakar arba'in za su zo su tafi da ni. In na tafi, na bar bedin. In na zauna, wa zai ja ni zuwa gindinsa baɗi? In na kira, na saɓa wa liman. In na yi shiru, na ci amanar wanda ba zai dawo ya yafe mini ba. Har yau kuma bakina ya ƙi sa sunan Labbo a cikin jerin. Da na zo wurin sai harshe ya ƙage.

Kwanakin arba'in sun kusa cika. Ina zan sa kaina?

Na haɗo da: guntun jaridarku, na ja layi da jan biro ƙarƙashin kurakuran, hoton marigayi da lambobinsa a ƙirji, wanda nake roƙon a maido mini ba lanƙwasa, da ambulan mai tambur, wato kan sarki.

Tsohon Mushe, Birnin Ƙonni, 1989.

Amsa

Baba Mushe, Allah ya jiƙan Kafaran Labbo, ya ba ka haƙuri. Gyaranka ya karɓu: Indoshin ne, kafaran ne. Hoton zai dawo yadda ya zo.

Ka sake duba alkawarin da idon mai gyaran jarrabawa. Labbo ya ce kada lapel ya mutu. Bai ambaci bedi ba, bai ambaci Ƙonni ba. Kai ka ƙara waɗannan, don a nan ka saba ganinsa. Abin da zai kashe lapel shi ne ka zauna kai kaɗai da sunayen a ka, har ranar da za a kai ka kushewa.

Liman yana da gaskiya, kuma ya yi maka ladabi da ya same ka a keɓe. Labbo ma yana da tasa: mutanen da ba su sami sallah ba, neman mai tuna su yake. Addu'a ta ɗauke duka biyu. A kira suna, a amsa da "Allah ya jiƙansa". Ka koma wa liman da wannan, ina kyautata zaton shi zai fara amsa maka ranar arba'in.

Daga nan ka bi Zalika. Kada ka mai da ɗiya mai son riƙe ubanta abokiyar gaba. Ka koya mata sunayen ita da Saminu, da garin kowa, kamar yadda ka koya wa yaran mutane jadawalin lissafi. Wanda ya riƙe aji shekaru ba zai rasa mai amsa masa a gidan ɗiyarsa ba.

Sunan Labbo kuwa, kada ka tilasta wa harshenka. Ka bar wani ya kira, kai ka amsa, ai aikinka ke nan tun farko. In kuma "farzan" ta suɓuce maka kafin addu'a, ka bar ta yadda ya faɗe ta, kada ka gyara.

Allah ya ƙara wa idanu haske, ya kai ka Malbaza lafiya.

Malam Barmo