Likitan Iyali Ba na Mata Ba Ne: A Gyara Sanarwar Kafin Alhamis

Zuwa ga Shugaban ƙungiyar 'yan kasuwarmu mazauna Guangzhou.

Ranka ya daɗe, Baba Alhaji,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka da sauran dattawan ƙungiya, da fatan kuna lafiya, kasuwa kuma tana albarka.

Ranar Litinin da ta wuce, da ƙarfe tara da rabi na safe, ina tsaye da kawuna, Alhaji Ɗanlami mai wandunan jins, a gaban tagar karɓar marasa lafiya ta cibiyar lafiyar unguwarmu. Ma'aikaciyar ta karɓi fasfonsa, ta duba kwamfuta, ta ce "meyo", wato babu. Sunansa ba ya cikin waɗanda suka sa hannu da likita. Ba ta wulaƙanta mu ba, ba ta kuma kore mu ba. Ta nuna mana layin kowa da kowa, muka bi. Likitan da ya gan shi bai taɓa ganinsa ba. Ya auna suga da hawan jini, ya haska idanunsa, ya rubuta maganin ɗan lokaci, sannan ya ce lallai likitan ido na babban asibiti ya duba shi, kada a yi jinkiri. Ya ƙara da cewa da Kawu yana da likitan da ya sa hannu da shi, likitan ne zai nema masa gurbin ganin likitan ido daga guraben da ake ware wa irin waɗannan likitoci. Tunda ba shi da shi, sai mu nema ta waya kamar kowa. Tun ranar nake nema, gurbin da nake gani duk yana da nisa.

Sunana Rukayya. Bana na gama karatun lafiyar al'umma a wata jami'a ta garin nan, ina jiran takarduna, ina kuma yi wa Kawu tafinta idan zai shiga Xintang, garin masana'antun jins. Ni ba likita ba ce, kuma ba zan faɗi abin da ban gani da idona ko na tambaya da bakina ba. Na daɗe ina juya ko ya dace yarinya kamata ta rubuta wa babba a bainar jama'a. Abin da ya sa na rubuta zai fito a ƙasa.

1. Abin da tsarin yake

Na karanta bayanin da ke manne a bangon cibiyar da Sinanci, na kuma sake tambayar ma'aikaciyar don kada in yi kuskure. Gwamnati tana so kowane mazaunin unguwa ya ƙulla yarjejeniya ta shekara da likita guda da mataimakansa. Ba dole ba ne. Wanda ya sa hannu, likitan nan ne zai riƙe tarihin ciwonsa, ya amsa masa tambaya ta waya, ya rubuta wa mai ciwon suga ko hawan jini magani na tsawon lokaci idan jikinsa ya daidaita, ya kuma tura shi babban asibiti idan abin ya fi ƙarfin unguwa. Babu inda aka ce sai mai mata. Gwauro yana sa hannu, tsoho yana sa hannu, ɗalibi ma haka.

2. Abin da aka gaya wa mutanenmu

Lokacin da aka buɗe rajista, sakataren ƙungiya ya tura saƙon murya a zaurenmu na waya. Saƙon yana nan, kowa zai iya komawa ya saurara. Cewa ya yi: "An fito da tsarin likitan iyali, duk mai iyali ya je ya yi rajista." Na san da kyakkyawar niyya ya yi. Kalmar Sinancin ya ɗauko ya juya ta yadda take. Sai dai Baba, ka fi ni sanin abin da magidanci Bahaushe yake nufi idan ya ce "iyalina". Matarsa yake nufi. Mafi yawan mazanmu da ke unguwannin Dengfeng da Sanyuanli kuwa su kaɗai suka zo, matansu suna Kano ko Maraɗi. Da na yi wa Kawu maganar a lokacin, dariya ya yi, ya ce, "Ke Rukayya, iyalina suna Kurna. Me zan je in yi a layin masu ciki?"

Wasu kuma kunnensu bai kama kalmar "likita" ba sam, "tsarin iyali" kawai suka ji. Wani dattijo ɗan Nijar da ke cin abinci inda Kawu yake ci ya faɗa a gabana cewa shi ba wanda zai ƙayyade masa haihuwa a ƙasar mutane. Akwai saurayi guda mai shagon waya da ya je ya sa hannu. Har yau "ango" ake kiransa a layin shagunansu, ana tambayarsa yaushe ne suna. Wanda ya ga haka, ko yana da niyya ba zai je ba.

3. Abin da hakan ya jawo a gidanmu

Kawu yana da ciwon suga tun kafin in zo ƙasar nan. Yadda yake yi shi ne yadda da yawa suke yi: idan wani zai taho daga gida a saƙo masa magani, idan ya ƙare ya ɗauki kwalin ya nuna a kantin magani, idan ba a samu irinsa ba ya haƙura sai wani matafiyin. Babu likita ɗaya a garin nan da ya san shi.

Ka san Kawu da ido a kan jins. Daga bakin ƙofar masana'anta yake gane wankin da ya yi duhu da wanda ya koɗe. Watan jiya a Xintang, mai masana'anta ya shimfiɗa masa samfuri biyu masu launi daban, ni da ban san sana'ar ba na ga bambancin, shi kuwa ya ce ai ɗaya ne. Da na nuna masa, sai ya ce fitilar lawban, wato mai masana'antar, ita ce ba ta da kyau. Bayan nan na lura yana rufe idon hagu idan zai duba waya, yana kuma miƙo min takardar kaya in karanta masa lambobi, abin da bai taɓa yi ba. Da kyar na shawo kansa muka je cibiyar ranar Litinin.

Ba na cewa saƙon sakatare ne ya taɓa idon Kawu. Suga ne, kuma ya daɗe. Abin da nake cewa shi ne, akwai ƙofar da aka buɗe wa irinsa watanni da suka wuce, wadda da ya shiga da wani ya riƙa auna shi yana tuna masa duba ido, sai kalma ɗaya ta sa ya ɗauka ƙofar ta mata ce.

4. Abin da na yi kafin in rubuta wannan

Na tura wa sakatare saƙo na nuna masa matsalar kalmar, ya karanta bai amsa ba. Na je ofishin ƙungiya ban same ka ba, aka ce kana wajen lodin kwantena. Da na koma, sakatare ya saurare ni har na gama, ya ce Allah ya yi min albarka, amma maganar ƙungiya sai ɗan ƙungiya ya kawo ta, in gaya wa Kawu ya zo da kansa. Baba, Kawu shi ne mutumin da bai yarda akwai matsalar ba. Yaya zai kawo ta?

5. Dalilin da ya sa abin ya wuce gidanmu

Na ji an gayyace ka ranar Alhamis, tare da wakilan sauran baƙi, don tattauna sabunta yarjejeniyar ta shekara mai zuwa. A yadda aka bayyana min, kuɗin tsarin yana bin sa hannu ne. Ana biyan likita da mataimakansa gwargwadon mutanen da suka ƙulla da su, wani kaso daga inshora, wani daga asusun lafiya na gwamnati, wani daga aljihun mutum. Ma'ana, wanda bai sa hannu ba, ba a lissafa da shi idan ana raba likitoci da lokacinsu. Idan ka zauna ranar Alhamis ka nemi a sama mana tafinta, ko a ware lokacin da ya dace da mutanen da ke wuni a kasuwa, abu na farko da za su duba shi ne mu nawa muka shiga. Za su ga mu kaɗan ne, su ɗauka ba mu da buƙata. Alhali ka san yawan masu yawo da kwalin maganin hawan jini a aljihun riga a cikinmu.

Saboda haka ina roƙon abu uku, cikin ladabi.

Na farko, a janye saƙon nan a fito da sabo kafin Alhamis, a cire kalmar "iyali" gaba ɗaya. Kada a maye ta da "likitan gida", don nan ma wurin matan hankali zai koma. Ina ganin "likitanka na dindindin" ya fi kusa da ma'anar. Idan dattawa suna da wadda ta fi, a ɗauki tasu. A faɗa a fili cewa na maza ne da mata, mai aure da marar aure, kuma babu ruwansa da haihuwa. A maimaita shi bayan sallar Juma'a saboda waɗanda ba sa buɗe zaure.

Na biyu, sabon saƙon ya zama da muryarka, ba ta sakatare ba, ba kuma tawa ba. Jiya na sake roƙon Kawu mu koma ya sa hannu, ko hakan zai sa a gaggauta tura shi. Ya ce shi ba zai zama ango na biyu a layi ba, amma idan ya ji daga bakin Shugaba, gobe da safe zai je. Haka ya faɗa, kuma na san zai cika.

Na uku, ka tafi taron da tambayoyin da ke ƙasa. Idan babu mai fassara, zan zauna a bayanka in fassara, ba zan sa baki ba.

Ga abin da har yanzu ban sani ba, kuma ba na so in yi hasashe a kai:

Ko mai bizar kasuwanci ta ɗan lokaci zai iya sa hannu, ko sai mai takardar zama.

Wanda ba shi da inshorar ƙasar nan, wa zai biya kason da inshora take biya, kuma nawa ne.

Idan mutum ya tashi daga Dengfeng ya koma Sanyuanli, wadda take wata gunduma daban, ko yarjejeniyarsa tana binsa.

Idan ya tafi gida ya yi watanni, kamar yadda mutanenmu suke yi, ko likitan zai ci gaba da riƙe sunansa.

Ko namijin da yake son likita namiji zai iya zaɓa.

Idan Kawu ya sa hannu a makon nan, ko za a tura shi wurin likitan ido nan take, ko sai sabuwar shekarar yarjejeniya ta kama.

Ko abin da ya ragu a idonsa na hagu zai dawo. Wannan ba tambayar taro ba ce. Likitan ranar Litinin ya ce ba zai iya faɗa ba, amma na dama yana da sauran kyau, kuma shi ya kamata a yi sauri a kai.

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya ba ka ikon riƙe amanar da aka ɗora maka, ya sa a dace ranar Alhamis. Idan akwai inda harshena ya zarce, a yafe min, ƙuruciya ce da damuwa.

Wassalam.

'Yarka,
Rukayya