Rumfar da na ce ba tamu ba ce

Kuala Lumpur, Malesiya

Zuwa ga ƙanwata Barira,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da yara da jikoki. Yaya ƙafar taki? Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ce. Mu nan lafiya lau. Ɗanki Abdulgani yana ta koyarwarsa a jami'a, matarsa Hanan kuma ta warware sarai daga aikin da aka yi mata, jinyar da ta kawo ni ƙasar nan ke nan. Na zaɓi in rubuto da hannuna, da rubutun yaƙi da jahilcin nan da kike yi wa dariya, don maganar ba ta waya ba ce. A gidan nan ko tari kika yi, na ɗakin kusa sai ya ce miki sannu.

Maganar ƙawata ce, Zuhra, 'yar Abdulgani mai karatun lauya. Barira, yarinyar nan shekararta biyu rabonta da nama. Dambun naman da kika kwana biyu kina yi mata, maƙwabta ne suka ci arziki. Da na tambaye ta ko ciwo ne, sai ta ja ni ɗakinta ta nuna mini hotuna a bango: wani tsoho ɗan Indiya mai tabarau, da wasu baƙaƙen fata na Amurka, maza da mata. Ta ce mutane ne da suka tsaya wa waɗanda aka wulaƙanta har aka ɗaure wasunsu, kuma suka bar cin nama, wai wanda ya ƙi a zalunci mutum bai kamata ya sa wa dabba wuƙa ba. Na ce mata ai da ganin wuyan tsohon nan an san ya daɗe bai gaisa da romo ba. Ba ta yi dariya ba. Washegari ta kai ni Brickfields, unguwar Indiyawa, aka zuba mana shinkafa a kan ganyen ayaba da miya kala biyar. Na tona ƙasan shinkafar da yatsa ko an ɓoye tsoka, babu. Na tambaye ta ko ganyen ma ci za mu yi, tunda mun zama tumaki.

A nan wurin na ce bari in ba ta labarin wanda ya fi kusa da ita. Kin tuna shekarar da shugaban kasuwarmu ya tashi mahauta daga rumfunansu ya mai da su bayan juji, wai suna ɓata wa masu kanti iska? Kin tuna maigidana Malam, Allah ya jiƙansa, ya miƙe a gaban jama'a ya rantse ba zai ƙara kai nama bakinsa ba sai an dawo da su rumfunansu? Wata tara, Barira. Mahauci, yana wuni cikin nama, ya dawo gida in zuba masa tuwo da miyar kuka lami. Ranar Layya ma zogale ya ci. Aka tsare shi kwana uku, ya fito wandonsa na zamewa, bai karya ba har aka buɗe musu rumfunan. Na ce mata ga naki nan, ƙawata, sa shi a bangon. Ta ce labarin yana da daɗi, amma ba ɗaya ba ne, tunda shi bai ajiye wuƙa ba, kuma ba a rubuta shi a littafi ba. Sannan ta sunkuyar da kai ta roƙe ni kada in maimaita shi a gaban dangin Tajuddeen.

Tajuddeen shi ne yaron da ke nemanta, ɗan Kano ne, yana babban digiri a nan, mai ladabi, ba ni da abin faɗa a kansa. Mahaifiyarsa Hajiya Walida ta zo ganinsa, ta gayyace mu cin abincin rana. Tun a mota Abdulgani yake ja mini kunne, wai gidan su Tajuddeen masu duba asali ne, in an tambaya a ce Malam ɗan kasuwa ne. Yaron da na goya ina wanke tumbi! Na ce masa to.

Wallahi na yi niyyar kama bakina. Amma aka kawo farfesu, Hajiya tana ta yabon cewa naman sa ne ta sayo da kanta a kasuwar Chow Kit. Ina kai loma ɗaya, shekara arba'in ɗin da na yi a gidan fawa suka riga ni magana. Na ce Hajiya an cuce ki, wannan ɓauna ce, ta daɗe a ƙanƙara, kuma wanda ya yanka bai san inda jijiya ta bi ba, mu a rumfarmu ko kyauta ba ma ba da irinsa. Hajiya ta ajiye cokali, ta yi murmushi, ta tambaye ni wace rumfa ke nan. Na dubi Abdulgani, ya zuba wa faranti ido. Na dubi Zuhra, ga ganyenta a gabanta, tana roƙona da ido kamar ranar da aka fara kai ta makaranta.

Sai na ji bakina yana cewa rumfar yadi ce. Na ce Malam atamfa yake sayarwa, maƙwabcinmu ne mahauci, a wurin matarsa na tsinci 'yan dabarun nan. Kin san ni da tsara labari, har suna na raɗa wa matar, na ce tana da wushirya. Hajiya ta yi dariya ta ce ai zama kusa da irin mutanen nan sai haƙuri, ga ƙuda ga ƙarni. Na ce ƙwarai kuwa. Ni, Barira. Na ce ƙwarai kuwa.

A hanyar dawowa Zuhra ta rungume ni tana kuka tana yi mini godiya da Turanci. Na bar ta ta gama. Yarinyar da ke tausayin akuya, da baƙin mutanen da ba ta taɓa gani ba, ita ce kakanta yake ba kunya. Amma ba zan ɗora mata duka ba, ba ita ta ƙirƙiro ƙyamar ba, tarar da ita ta yi, kuma tana son yaron. Tun ranar dai in aka sa nama a gabana sai in ture shi gefe. Hanan har tana tsokanata wai na shiga ƙungiyar Zuhra.

Ga abin da ya sa na rubuto. Hajiya ta ce in ta koma za ta turo 'yan'uwanta unguwarmu su gaisa da dangi, kin san abin da ake nufi. Gidanki za a nuna musu. Na so in ce ki faɗi gaskiya, na rubuta na soke har sau biyu. In sun tambaye ki sana'ar Malam, ki ce yadi. Atamfa da shadda, mutumin da har ya koma ga Allah bai iya bambanta shadda da buhun gero ba. Ki yafe mini da na sa ki, shi kuwa ban san da wane ido zan dube shi ba.

Ki gaishe da Fatsuma da Hauwa'u da mazajensu, da Nasir da amaryarsa. Ki gai da ƙanin Malam, Abdulbaƙi, da ke riƙe da rumfar har yau. Kada ki faɗa masa komai tukuna. Ni zan gaya masa da bakina cewa ba shi zai ba da auren jikar wansa ba.

Wassalam. Yayarki,
Hureira