Ni Na Rubuta Ƙarar Madam Balkisa, Ni Nake Roƙon A Janye Ta

Zuwa ga Babban Likita mai kula da gidajen likita na karkarar yankinmu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ranka ya daɗe, ina gaishe ka da aiki, ina gaishe ka da ɗawainiyar jama'a. Sunana Isuhu Mahamadu, tsohon malamin lakwal, wato makarantar boko, yanzu ina noman hatsi da albasa a ƙauyenmu cikin duwatsun Adar. Ba ka san fuskata ba, amma ka san rubutuna. Akwai wata takarda a bironka, wato ofishinka, wadda mutanen garinmu suka kawo suna neman a ɗauke Madam Balkisa, ma'aikaciyar jinya a gidan likitanmu, wai ba ta iya aiki ba. Ni na rubuta ta da hannuna. Mun ji an amince, kuma da mutuwar wannan wata za ta kwashe kayanta. Na rubuto in roƙe ka ka tsayar da wannan canji, domin ran maiɗakina Ramatu yana rataye da shi.

Na ɗaya, ga abin da ya faru. A tsakiyar daminar da ta wuce Ramatu ta fara kukan ciwon kai da jiri, wani lokaci ta ce tana ganin duhu-duhu. Ka san halinmu: in ruwa ya sauka, duk abin da ya kama mutum palu ne, zazzaɓin cizon sauro, ko da tuntuɓe ya yi. Na kai ta gidan likita. Madam Balkisa ta ɗiga jininta a ɗan abin gwajin nan, ta ce babu palu. Ta ɗaura mata abin awo a dantse, ta auna, ta sa ta huta, ta sake aunawa. Ta ce mu dawo bayan kwana biyu, muka dawo, ta kuma auna. Sannan ta ce hawan jini ne, kuma ya hau sosai. Ta rubuta ƙwaya ɗaya kowace safiya, ta ce a rage gishiri da magi da kanwa, kuma kada a daina shan maganin ko da an ji sauƙi.

Wallahi raina ya ɓaci. A wurinmu in ba a yi maka allura ba, ba a duba ka ba. In kuwa an rataya maka ƙarin ruwa, ai ka samu gata, dangi ma su zo gaisuwa su ga roba a rataye su ce an yi ƙoƙari. Mace tana riƙe kai tana nishi, a miƙo mini ƴar ƙwaya kamar tsabar wake? Na ce wannan yarinya ta raina mu. Ni da na yi shekara da shekaru ina koya wa ɗiyan mutane su duba kafin su ba da amsa, ni ne na tsaya a ƙofar ɗakinta ina ɗaga murya.

Na biyu, kuma nan ƙorafina yake. Na wuce wajen majo, shugaban gidan likitan, wanda muke shan shayi tare ranar kasuwa. Bai buɗe karnen Ramatu, ɗan littafinta na asibiti, ba. Bai tambayi abin da gwajin ya nuna ba, bai taɓa abin awo ba. Ya yi dariya, ya kira ni yadda ake kiran malaman lakwal, ya ce, "Mushe, kwantar da hankalinka, yaran yanzu takarda kawai suka sani." Ya sa aka yi mata allurar palu kwana uku, aka rataya mata ruwa. Muka koma gida muna sa mishi albarka. Ramatu ta tambaye ni ƙwayar Madam fa, na ce ta bar ta, ai babban ya duba ta. Ta bari.

Ranka ya daɗe, ni jahili ne a wannan fanni, laifina na ɗauka. Amma shi fa? Ya yi karatun, ya san abin da gwaji yake nufi. Ya ga dattijo da fushi, sai ya zaɓi ya faranta mini rai maimakon ya gaya mini gaskiya. Da ya kore ni ranar nan da na fi gode mishi yau.

Na uku. Da damina ta ja baya, dattawan gari suka taru a ƙofar maigari. Kowa da nashi: wannan ya ce ta hana ɗanshi allura ta ce mura ce, a ba shi ruwa da abinci, wancan ya ce ta hana shi ƙwayoyin nan masu kai biyu, ja da rawaya, da muke sha kan kowane tari. Aka ce Mushe Isuhu ne mai alƙalami. Na zauna na tsara ta da faransanci mai kyau, har ina jin daɗin kaina. Aka dangwala yatsu, aka kawo muku. Ba wanda ya zo daga bironku ya tambaye mu ko mutum ɗaya da ta cutar. Ba wanda ya buɗe rajista ya ga wa ke gwaji kafin magani, wa ke rubuta palu a ka. An ƙidaya yatsu kawai aka sa hannu.

Na huɗu. Lokacin kaka, da hantsi, Ramatu tana sheƙar hatsi a tsakar gida, ƙwarya ta suɓuce mata. Ɗiyarmu Hadiza ta ɗauka santsi ne. Kafin in iso daga gona bakinta ya karkace, hannun dama da ƙafa sun saki. Muka ɗora ta a amalanke har bakin hanyar Madawa, muka yi ta jiran mota. Likitan babban asibiti ya karɓi karnenta, ya ga awon da Madam Balkisa ta rubuta sau uku da kwanakinsu, ya ɗago ya tambaye ni wa ya ce a daina maganin. Ya ce ba zai rantse cewa ƙwayar za ta hana ƙaddara ba, amma wannan shi ne abin da aka ba ta don gudunshi. Ya ce in jinin ya sake hawa haka, shanyewar jiki ta biyu ba ta zuwa da sauƙi.

Yau Ramatu tana kwance. Matar da muryarta ke kaiwa rijiya in tana kiran awaki, yanzu sunan Hadiza ma ya gagare ta. Hura a cokali ake ba ta. Kuma wa ke zuwa duk mako da abin awo cikin jaka, ta auna ta, ta nuna wa Hadiza yadda ake juya ta da motsa mata hannu? Madam Balkisa. Ta san wanda ya rubuta takardar. Ba ta taɓa ɗaga mini maganar ba, tana gaishe ni da "Baba, ina gajiya," ta wuce ɗaki. Ni na gwammace ta zage ni.

In ta tafi, majo ne zai rage. Har yanzu allura yake yi wa duk wanda ya nema, kuma har yanzu ana yabonshi. Na zagaya gida-gida da sabuwar takarda don a janye ta farko. Mutum huɗu suka dangwala, uku mata ne. Sauran sun ce abin da ya sami Ramatu iska ne ko jifa, in daina ɗora wa kaina.

Saboda haka ina roƙo, ranka ya daɗe. A tsayar da canjin Madam Balkisa har sai an zo an bincika. A buɗe rajistar gidan likitanmu a ga mutum nawa aka yi wa maganin palu bayan gwaji ya ce babu. A ja kunnen majo cewa abin da gwaji da awo suka nuna shi ake bi, ba girman rawanin mai rakiya ba. Sannan a turo wanda zai tsaya ranar kasuwa ya yi wa mutane bayani, ni zan tsaya kusa da shi in faɗi nawa, ko za a yi mini dariya.

Kafin in aiko da wannan wasiƙa na karanta wa Ramatu ita, domin ba ta san ni na rubuta ta farko ba. Tana jin komai, magana ce kawai ba ta iyawa. Da na kai wurin, ta dube ni, ta juya fuskarta bango. Kwana uku ke nan ba ta karɓar magani daga hannuna, sai daga hannun Hadiza.

Allah ya yi maka jagora, ya tsare iyalinka daga irin wannan kwanciya, ya sa ka ga wannan takarda kafin wata ya mutu.

Wassalam.

Isuhu Mahamadu,
tsohon malamin lakwal.