Ƙwayoyin da Baba Ya Ɗauka Wankin Ƙoda Ne

Yaya Hadiza,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da fatan kina lafiya, ke da maigida da yara. Ya sanyin Jos? Mu nan Kura sai godiya, in ban da jikin Baba.

Jiya aka kwantar da shi a asibiti a Kano. Ƙafafunsa sun kumbura har takalmin robar da yake ban-ruwa da shi ya ƙi shiga, sukarinsa kuma ya hau.

Sai da likita ta matsa masa ya faɗa mata ya daina shan maganin sukari tun lokacin dashen tumatir. Ƙwayoyin ƙarin lafiyar nan, antiyoksidan, da kika aiko kaɗai yake sha. Da kika ce masa a waya suna wanke ƙoda, shi kuma ya taɓa jin ciwon sukari kan kai mutum ga wankin ƙoda da na'ura, sai ya ɗauka abu ɗaya ne.

"Tunda ina wankina a gida, me zan yi da magani biyu?" Haka ya tambaye ni, yana dariya.

Likita ta ce ana ci gaba da bincike kan amfanin irin waɗannan ƙwayoyi ga ƙoda, amma ba sa maye gurbin maganinsa. Na san alheri kika nufa. Ki dakata da aiko wasu tukuna.

Ki sa shi a addu'a, ki gaishe min da su Inna Talatu. An ɗibi jininsa da safe, kuma sakamakon ne zai nuna ko ƙodar za ta iya aiki ba na'ura. Har yanzu bai fito ba.

Ƙaninki,
Sani